Sunan Madam a littafin bashin mahaifina

Labarin rasuwarta ya iske ni a Yamai cikin damanar 2025, ina zaune gaban wata takarda da ake jira a buron jarida tun da hantsi. Na ajiye bik, na nufi tasha. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake faɗi: ka kwana Maraɗi, ka kama hanyar arewa da sassafe, ka ratsa Kornaka, gonakin hatsi suna raguwa, garkunan dabbobi suna ƙaruwa, har ka sauka Dakoro jiki duk ya yi tsami. Ban samu jana'iza ba, sadakar uku na tarar.

A zauren makoki na iske dillalin dabbobi, da mai sayar da kayan babur, da direban babbar mota, da wani likitan dabbobi da ya taso daga daji takalminsa duk taɓo. Cikin gida kuwa mata sun cika maƙil. Kowannenmu ya taɓa zama gabanta a kan benci ko a kan rairayi. Abin da ban gani ba shi ne mota mai lambar gwamnati a ƙofar gida, ban kuma ji an karanta wata takardar ta'aziyya daga wani buro ba, alhali matar nan ta yi shekara talatin da ɗoriya alli yana cin yatsunta. Ba zan rubuta sunanta ba, domin iyalinta ba su nemi shiga jarida ba. Gare mu duka dai sunanta Madam, kamar yadda malami namiji yake Mushe, kalmar da ke sa ƴan uwanmu na Katsina dariya duk lokacin da suka ji ta.

A watan Oktoba na 1995 aka kai ni lakwal, ina da shekara bakwai, ina kuka, yayana yana ja na. Yaran yanzu ba za su gane irin tsoron da ke cikin wannan rana ba. Ka baro gida inda kowa ke jin maganarka, ka shiga ɗakin da aka ce harshen uwarka laifi ne. A ajin da ke kusa da namu akwai wani ƙashi da aka ɗaura wa zare, wanda ake kira sambol: duk yaron da Hausa ta kuɓuce masa sai a rataya masa shi, shi kuma ya yi ta laɓe yana sauraron abokansa, don ya samu wanda zai sauke wa kafin a tashi, ya tsira daga bulala. Wato tun muna ƴan shekara takwas aka koya mana tsegumi da leƙen asiri. Idan yau muna mamakin yadda ma'aikaci ke kai ƙarar ɗan uwansa wurin shugaba a ɓoye, mu tuna inda aka fara ba mu darasin.

Madam ba ta taɓa rataya wa kowa ƙashi ba. Faransanci take koyarwa, kamar yadda tsarin karatu ya umurta, kuma ba ta wasa da shi. Amma idan ta ga idanunmu sun yi fari fat, sai ta leƙa ƙofa, ta sassauta murya, ta faɗi abin da Hausa. Lissafi kuwa daga kasuwa ta ɗauko mana shi. Takan ce: “An aike ka da dala ashirin, ka sayi ƙosai na dala huɗu, nawa za ka mayar wa Inna?” Kafin ta rufe baki aji ya ɗauka: dala goma sha shida! Sai ta ce to, abin da kuke ce wa dala ashirin, shi Bature ke ce wa faran ɗari, domin kowace dala faran biyar ce. Jika guda kuwa dala ɗari biyu, faran dubu ke nan. Da haka muka iya ninkawa da biyar tun littafi bai kai mu wurin ba, muka kuma gane cewa ba da wofin kai muka zo lakwal ba. Na yi karatu har Jami'ar Abdou Moumouni, na saurari manyan malamai, amma ban sake samun darasin da ya kai wannan nauyi ba.

Sai dai a tuna wane zamani ne. Taron ƙasa ya tashi a watan Nuwamba na 1991 da alkawura cike da baki. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan kanti suka yi tsalle, albashi yana nan inda yake. A shekarar da na shiga lakwal, shugaban ƙasa Mahamane Ousmane da firaministansa Hama Amadou suna ta ja-in-ja a Yamai a kan wanda zai jagoranci taron ministoci, har sojoji suka raba gardama ranar 27 ga Janairu 1996. Duk wannan hayaniya, a Dakoro fassararta guda ce: wata ya ƙare, ba a biya ba. Wani ya kama, ba a biya ba. Har ƴan kasuwa suka riƙa zolayar ma'aikata cewa watansu ba shi da ƙarshe.

Mahaifina yana da ɗan kanti kusa da kasuwa, yana da kuma littafin bashi da yake rubutawa da ajami. Rabin sunayen da ke ciki na ma'aikata ne: malaman lakwal, da na likita, da masu gadin buro. Da yake ba su iya karanta ajaminsa, ranar biya gardama takan tashi. Saboda haka da na kai aji uku sai ya sayo sabon kaye, ya miƙa mini, ya ce daga yau ni ne magatakarda.

Wata ranar da la'asar ina zaune bayan buhun sukari, sai ga Madam. Na so ƙasa ta tsage in shige. Suka gaisa da mahaifina, ta ce a auna mata shinkafa tiya biyu, da sabulu, da kananzir kwalba ɗaya. Mahaifina ya dube ni ya ce, “Rubuta.” Hannuna yana rawa na rubuta sunan matar da ta koya mini riƙon alƙalami, a cikin jerin waɗanda ake bi. Ita kuwa ta sunkuyo, ta dubi shafin, ta sa yatsa a kan kalmar sabulu da na rubuta da Faransanci na ci harafi guda, ta ce, “Goge ka sake. Bashi ma da kyau ake rubuta shi.” Na goge na sake. Ta ɗauki kayanta ta fita, kanta a sama.

Na daɗe ina juya wannan rana a zuciyata. Ƙasar da malaman makaranta suka kafa, domin Diori Hamani da Djibo Bakary da Boubou Hama duk alli suka fara riƙewa bayan sun fito daga makarantar William Ponty, ita ce ta wayi gari malamarta tana cin bashin kananzir a gaban ɗalibinta. Kuma da kananzir ɗin nan take gyaran kayenmu da dare.

A shekarar da yajin aiki ya yi tsanani, lakwal ta fi zama a rufe bisa a buɗe, mahaifina ya yanke shawarar cire ni ya haɗa ni da ƙanensa mai fatauci zuwa Jibiya. Ba na ganin laifinsa. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari inda ba ya ganin riba, ga kuma masu digiri suna yawo ba aiki. Madam ta zo gidanmu bayan magariba, aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ina laɓe ina ji. Ta ce, “Alhaji, in ka cire shi yanzu ka samu yaron kanti. In ka bar mini shi, ka samu wanda ba za a cuce ka a takardar duwan ba.” Ya ce, “Madam, lakwal ɗin da kullum take rufe?” Ta ce, “Lakwal ce ta rufe, Alhaji, gidana a buɗe yake.” Haka kuwa aka yi. Ita ƴar ƙungiyar malamai ta SNEN ce, in an kira yaji ba ta taka ƙofar aji, amma da yamma takan tara mu a tsakar gidanta, mu wajen goma sha biyar, ta jingina allo da bango. Wasu abokan aikinta sun zarge ta da karya yajin aiki ta bayan gida. Da ina yaro na ɗauke su mugaye. Yau da na san abin da ake nufi da wata biyar ba albashi, na ga suna da gaskiyarsu, ita ma tana da tata, kuma wanda ya haɗa su faɗa yana Yamai cikin sanyin na'ura.

Kada mai karatu ya zaci waliyyiya nake zanawa. Madam tana da zafin hannu, rularta ta san kan yatsun kowa, kuma akwai yaran da tsoronta ya kore su har abada. Ba kullum take cin nasara ba: yarinyar da ta fi mu duka ƙoƙari, wadda ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba, an ɗaura mata aure muna aji biyar, Madam ta yi sawu uku gidansu a banza. Na gan ta a wurin makoki da jikoki. Ita ce ta fi kowa kuka.

Likitan dabbobin da na ambata kuwa Bafillace ne daga wajen kwarin Tarka, inda noma ke ƙarewa kiwo ya fara. Ya zo lakwal ba Faransanci ba Hausa. Madam ta riƙa tare mata masu tallan nono tana tambayarsu kalmomi, tana rubutawa a bayan kayenta, har ta samu abin da za ta yi masa magana da shi. Zan komo kan wannan.

To, ya kai mai karatu, ba don in sa ka hawaye na ɗauki alƙalami ba. Tun da na dawo nake jin magana guda a bakin mutane: wai irin su Madam sun ƙare, malaman yanzu ba su da kishi. Wannan magana tana da daɗin faɗi, domin tana wanke kowa sai malami. Ni kam ban yarda da ita ba. Madam ba daga sama ta faɗo ba. An zaɓe ta da jarrabawa, an horar da ita shekaru a makarantar horon malamai ta Damagaram, an ɗauke ta cikakkiyar ma'aikaciya mai lamba da matsayi da fansho. Ko da albashi ya makara, ta san haƙƙinta ne, mahaifina ma ya sani, shi ya sa ya buɗe mata shafi. Daga 1998, bisa shawarar masu ba mu bashi da ke cewa albashin malamai ya yi wa baitulmali nauyi, aka buɗe wata ƙofa: aka fara ɗaukar matasa da sunan masu aikin sa-kai, daga baya aka kira su ƴan kwantaragi, da horo na ƴan makonni ko babu, da ladan da bai kai rabin na cikakken malami ba, shi ma sai an ga dama. Cikin ƴan shekaru suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a firamare.

A faɗi gaskiya, tsarin ya yi abin da aka ƙirƙire shi dominsa. A zamaninmu da ƙyar yaro ɗaya cikin uku yake shiga lakwal. Bayan shekara goma sha biyar an wuce biyu cikin uku, ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba suka gani. Amma da aka zo awo sai tiya ta fito da rami. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ƙasashe goma masu aiki da Faransanci, ya sa Nijar a ƙarshe: cikin yara goma da ke gama firamare, da ƙyar ɗaya ke karatu yadda ya kamata. Na 2019 ya nuna an ɗan ɗaga, amma tafiya tana da sauran nisa. A 2017 ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé ya sa aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu maki na tsaka. Aka yi ta yi musu dariya a rediyo da wuraren shan shayi. Ba wanda ya tambayi wa ya ɗauke su, wa ya sa hannu a takardunsu, ɗan wace jam'iyya ne ya kawo sunayensu lokacin rabon gurabe. Wanda ya sayi jaki da kuɗin kaza bai kamata ya yi fushi ba idan ya ƙi sukuwa. Kuma cikin ƴan kwantaragin nan na san waɗanda ke kwana a bukka a ƙauyukan arewacin Dakoro, ba rijiya kusa, suna jiran kuɗin wata uku, ba su gudu ba. Kishin da ake cewa ya ƙare, ga shi nan ana cinsa kyauta.

Yanzu ga sabon zance ya shigo. Kundin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ni da aka hana ni Hausa a farfajiyar lakwal, ƙarya nake in na ce ban ji daɗi ba. Abin da Madam take yi tana leƙen ƙofa, yau ba mai ikon kiransa laifi. Tunanin ma ba sabo ba ne. Abdou Moumouni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya kare koyarwa da harsunan Afirka a littafinsa na 1964 a kan ilimi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, aka kuma yi ta kiran irinta “gwaji” har waɗanda aka fara gwajin da su suka yi furfura. Abin da ya hana ta yaɗuwa shi ne har yau yake jiranmu: wa zai koyar, da wane littafi, wa ya horar da shi? Jin Hausa daban, iya koyar da rabawa da ninkawa cikinta daban. Ni kaina mai wannan rubutu, da digirina, sai da na koma na koyi inda ake sa ƙugiya a kan harafi kamar ɗan aji ɗaya. Sa hannu a kan takarda aikin minti guda ne, malami kuwa shekaru ake yi ana gina shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan a tuna da Bafillacen nan. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A gundumar Dakoro kaɗai, aji guda yana iya haɗa Bahaushe da Bafillace da Buzu. Idan muka ɗauki ƙashin da aka rataya mana muka rataya wa ɗan makiyayi saboda bai ji Hausa ba, to ba mu koyi kome daga Madam ba, ubangiji kawai muka sauya wa sambol.

Ku ƴan uwana ma'aikata, da ku nake. Mu nawa ne cikinmu ƴaƴanmu ke lakwal ɗin gwamnati? Mun kwashe su mun kai makarantun kuɗi, sa'an nan muna zama a buro muna tsara wa ƴaƴan talakawa abin da ba za mu yarda a yi wa namu ba. Idan aka tura ɗayanmu Dakoro ko Bermo, kafin tawadar takardar ta bushe ya riga ya samu kawu a ministir da zai soke ta. Madam ba ƴar Dakoro ba ce. Aiki ya kawo ta, ta zauna, a nan aka binne ta.

Ku kuma Alhazai, na san abin da za ku ce: kuna biyan haraji da patanti, gina aji aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma jaridar nan ba za ta daina tambayar inda kuɗin ke shiga ba. Amma ranar 8 ga Nuwamba 2021, a cikin garin Maraɗi, cibiyar kasuwancin ƙasar nan, wuta ta kama azuzuwan zana ta kashe yara fiye da ashirin, ƴan shekara biyar da shida, watanni bakwai bayan irin wannan gobara ta ci yara ashirin a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Garin da ke da masu tireloli da manyan sito, ƴaƴansa suna karatu cikin kara. Mun iya gasar gina masallaci a kowace kusurwa, Allah ya ba da lada. Ban san malamin addinin da ya ce aji mai rufin kwano ba ya cikin sadaka mai gudana ba. Iyayenku da littafin bashi suka riƙe lakwal a shekarun da gwamnati ta sake ta, ba tare da wani ya ba su lambar yabo ba. Ku da kuka fi su dukiya nesa ba kusa ba, me za a ce kun riƙe?

Kafin in baro Dakoro na shiga tsohon kantinmu, wanda ƙanena ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu. Na tambaye shi kayen nan, ya tono mini shi daga ƙasan wata akwatin ƙarfe, gara ta ci gefensa. Shafin Madam ya kai huɗu. Na tuna ranar da mahaifina, bayan na ci jarrabawar shiga sizyam, ya ce mata ya yafe abin da ya rage. Ta ce, “A'a, Alhaji. Ni ba bara nake ba. Ina bin gwamnati, kana bi na. Ranar da ta biya ni zan biya ka.” Ta kuwa riƙa kawowa, jika biyu yau, jika uku wani watan. Na bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne an ja masa layi an soke. Na ƙarshe kananzir ne, rabin kwalba, da rubutuna na ɗan aji shida, a gefensa kuma ta sa hannu da jan bik ɗin da take gyaran dikte.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.